Tarin da Na Ɓoye a Rumfar Ƙirgi

Jama'a, na haura casa'in, kuma wannan zancen ko 'ya'yana ba su taɓa jin sa daga bakina ba sai yau.

'Yan shekaru kafin 'yancin kai, ina aiki a wani kamfanin sayen fata da ƙirgi a Tudun Wada. Ni ke tantancewa: wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu, wannan a mayar wa mai shi. Duk rumfar ni kaɗai aka koya wa, don manaja ya ce koya wa mutum biyu ɓata lokaci ne.

Yana kuma da doka: ka yi fashin kwana uku, a soke sunanka.

Shi ya sa da tari ya kama ni na yi gum. Wata huɗu ina ramewa, ina zagayawa bayan rumfa in tofar. Ran da na ga jini, ƙasa na tura masa da ƙafa na koma aiki.

A gaban sikeli na yanke jiki na faɗi.

A asibiti aka gwada kakina, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce tarin fuka ne, ya tambayi abin da ya hana ni zuwa da wuri. Na ce tsoron kora. Kullum safiya allura, har zama ya gagare ni, ga wani magani mai tayar da zuciya. Kekena muka sayar don matata Hajara ta riƙa kawo mini madara da nama. Mutum biyu a jeren gadona aka fitar a lulluɓe.

Na tsorata, ba zan ɓoye ba.

Akawunmu, Mista Okoro, shi ya kawo mini labari. An soke ni tun kwana na huɗu, amma rumfa ta hargitse. Ana haɗa mai kyau da ruɓaɓɓe, masu saye na maido da kaya. Leburori su ɗaure ƙirgi direban motar kamfani bai sani ba, direba ya zo ba wanda ya shirya, har taragon jirgin ƙasa ya bar tasha ba kayanmu.

A wata na biyar manaja ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, ya ce an yafe mini, in koma in na warke.

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifin me na yi da za a yafe mini? Dokarka ce ta kwantar da ni a nan."

Hajara tana ta hararata, ban fasa ba. Na ce ba zan koma ba sai mara lafiya ya samu hutu ba kora, a ba ni mutum biyu in koya musu, kuma kowace safiya akawu da direba da shugaban leburori su tsaya su faɗa wa juna aikin ranar.

Ya juya ya fita. Mako uku shiru, Hajara ta daina yi mini hira.

Sai ga Mista Okoro da takarda. An yarda, amma hutun rabin albashi ne. Na karɓa.

Da na koma, leburori uku suka fito suka ce su ma suna tari. Biyu sun rayu. A shekara tara da na ƙara yi a wurin, tarago bai sake barin mu ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajara, Allah Ya jiƙan ta.

Tarin da ya wuce mako biyu, je a gwada ka, ko za a kore ka. Kai kuma mai ɗaukar ma'aikata, in ba ka taɓa jin wani ya ce ba shi da lafiya ba, ba lafiya ce ta yi musu yawa ba. Tsoronka suke ji.