Gangar Kawu da Na'ura Mai Layi Huɗu

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a Dutse, na ƙudura a raina sai na ɗauki muryar kawuna a kaset. Makaɗin gangar noma ne a wani ƙauye bayan Kafin Hausa. Tsufa ya kama shi, tari ya fara cin muryarsa, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar waƙarsa ko ɗaya.

Da rikodata ta gida na yi amfani, da tuni an wuce wurin. Amma iyayi ya sa na nemi shawarar abokina ɗan Filato, mai kaɗa piyano a cocinsu. Ya ce rikoda wasan yara ce, in nemi na'urar kaset mai layi huɗu: ganga a layinta, murya a nata, 'yan amshi a nasu, a ɗauki kowa daban sannan a haɗa. Muka sha yawon nemanta har na gaji. Wannan tana tauna kaset, waccan ba ta juyawa sai an mare ta. A Kano muka samu wata tsohuwa mai lafiya, na rungumo ta a bas kamar jaririya.

Ranar wata Asabar aka kawo Kawu ɗakina da 'yan amshinsa biyu, su ma dattawa. Abokina ya ce su ɗan jira a waje, ya maƙala wa Kawu abin saurare a kunne, ya ce ganga kawai zai fara, ban da waƙa. Yana fara bugu baki ya ɓalle da waƙa. Aka tsayar, aka sake, haka dai. Ina gumi ina ba shi haƙuri, ina ba abokina haƙuri, ni kuwa babu mai ba ni. Da aka zo kan murya, ya ja baiti ɗaya ya yi tsit yana jiran amshi, masu amshin suna waje suna ɓarar gyaɗa.

Sai ya cire abin kunnen ya ajiye.

"Ɗan nan, in na yi kira ba a amsa ba, bango zan yi wa waƙa?"

"Kawu, ai za su amsa daga baya."

"To ni ma sai daga baya."

Ya fara laluben takalminsa. Haushi kamar ya kashe ni. Na kirawo dattawan, na dasa makirufo ɗaya a tsakiyarsu, na danna maɓallin ɗauka. Kawu ya kama waƙa, bai tsaya ba sai da kaset ya cika, har da kukan akuyar maƙwabta a ciki. Duk wahalar nan, layi ɗaya muka ci.

Kafin damina ta zagayo muryar ta tafi, bai sake waƙa ba har Allah ya karɓi abinsa. Har gobe in na tuna na kusa rasa waƙar nan wajen neman tsafta, raina ɓaci yake yi. Abokina ya sha roƙona in bari ya sa piyano a layuka ukun da suka rage, wai kada su tafi a banza. Na ce ya bar su yadda Kawu ya bar su.