Sun Wanke Kwamfutarka, Ustaz Kamal

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma. Haka bakina ya faɗa ranar Talata, biyar ga Safar 1434, sha takwas ga Disamba 2012, da aka same ni a garejin bayan kasuwar Gadarif aka ce Ustaz Kamal Rufa'i ya cika, bayan ɗan zazzaɓin da kowa ya raina. Baki ya faɗa, amma zuciya har yau ba ta bi bakin ba.

Ni ne Mato mai fentin lori. Ban shiga makaranta ba, kuma ba na jin kunyar haka. Kamal, ɗalibarka Ummuhani ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Kamal, ka san ba da daɗi muka fara ba. Ranar da ka zo garejina da kyamara a wuya, korarka na yi. Na ce irinku masu aiki da inji ne suka kashe mana sana'a. Har yanzu ban janye ba. Tun ina saurayi nake zana ƙofar bayan lori. Duk motar da ta ɗauko dawa daga Gadambaliya ko riɗi daga Simsim, daga nesa ake gane hannuna: zaki mai jan geza, ɗawisu, furen da na koya wurin ubana, wanda ya baro Haɗeja da ƙafa zai tafi hajji ya ƙare a nan. Sai wasu 'yan lajana, wato kwamitin unguwa, suka zo suka ce a shafe duk abin da ke da rai. Na shafe wasu da hannuna, suna tsaye a kaina. Waɗanda suka tsira kuma, masu lorin da na yi wa aiki tun ubanninsu suka liƙe su da ledar da inji ke bugawa, wadda rana ɗaya ta bazara ke ƙoƙe ta. Ban yafe wa waɗancan ba, ban yafe wa waɗannan ba.

Washegari ka dawo da jabana, butar gahawarmu ta nan, gahawar na tururi, ka zauna a kan taya. Ka ce, "Baba Mato, ka gama zagina tukuna, sannan in faɗi abin da ya kawo ni." Na gama. Ka ce kana koyar da zane a wani ɗan ma'ahad, makarantar koyon sana'a, kana gwada sababbin barnamaj, wato manhajojin kwamfuta, da yara, amma duk abin da suke kwaikwayo daga ƙasashen wasu yake fitowa. Kana so su koyi sabon kayan aiki a kan abin garinsu.

Na ga wahalar da ka sha. Takunkumin da aka sa wa ƙasar nan ya hana a sayar muku da barnamaj ɗin, sai ka hau bas zuwa Hartum ka kwafo wanda aka samu. Wani ya yi aiki wata ɗaya ya kulle kansa. Wani ya buɗe da yaren da babu mai ji. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar darasi, aikin yini ya tafi. Ba ka taɓa fushi ba. Sai ka ce wa ɗalibai, "To, mun san halin wannan. A kawo na gaba."

Kai ne ka kai ni ma'ahad ɗin, ni da rigata mai tabon fenti, ka ce wa ɗalibai su miƙe. A garin da ake kiranmu baƙi ko da iyayenmu suna kwance a maƙabartarsa, kai ka sa aka miƙe wa Mato. Ran nan Ummuhani ta zana zakina da wani alƙalami marar tawada, ya fito a gilashi. Na ce wannan kyanwar mai shayi ce. Ajin ya fashe da dariya, ita ta yi kuka. Ka danna wani wuri, layin da ta ɓata ya koma kamar ba a yi ba. Ka ce, "Ka gani, Baba? A nan kuskure yana komawa baya." Na ce aikin da ake iya janyewa ba aiki ba ne. Ka yi murmushi ka ƙyale ni.

Daga nan ka shiga farautar tsofaffin lori. Duk Juma'a kana hanya: Doka, Simsim, bayan gidajen gona inda ake yasar da motoci kafin masu sayen ƙarfe su yanka su. Ka ɗauki hoton kowace ƙofa, ka ɓare leda da farcenka don ka ga abin da ke ƙasa. Inda tsatsa ta cinye, ku zauna da ɗalibai ku mayar, kana kirana in ce ja ne ko ruwan goro. Ba ka yarda ka ajiye aikin a injinan ma'ahad ba, ka ce kullum cuta take kama su. Komai yana cikin kwamfutarka ta hannu, da ɗan akwatin da kake ajiye kwafi.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kai ka gane shi ba tare da tambaya ba: idona ya tafi. Ƙofar lori a gabana, hazo kawai nake gani. Sai ka zaunar da ni, ka rufe taga, ka buɗe zakin lorin Wada na Doka, ka yi ta ƙara masa girma har gashin geza ɗaya ya cika gilashin. Na ga sawun burushina. Na ga inda hannuna ya juya tun ina da ƙarfi. A duniyar nan, wurin nan kaɗai nake iya ganin aikina. Ka ce duk ranar da na so in zo.

Ranar sadakar uku, a cikin rumfar makoki, na tambayi yayanka Sharu ina kwamfutarka. Ya sunkuyar da kai. Ya ce tun washegarin jana'iza ya kai ta kasuwa an wanke ta, ita da akwatin da kyamarar, ya bayar da su sadaka a makarantar allo.

Na ce, "Wanke ta kamar yaya, Sharu?"

Ya ce, "Baba Mato, na buɗe ta, babu komai sai dabbobi da tsuntsaye, shi ne na sa aka goge su duka. Ka san abin da ake faɗa, mai zana abu mai rai za a ce ya hura masa rai. Ƙanena ne. Ba zan iya cin abinci ina tunanin ana tuhumarsa ba."

Na ce, "Ai nawa ne. Da ka tambaye ni."

Ya ce, "Ban san naka ba ne."

Kuka yake yi, Kamal. Da mugunta ce da na san abin yi da ita, na saba. Amma ƙauna ce, ban san inda zan ajiye ta ba.

Na je wurin Ummuhani na ce ta danna wurin nan da kuskure yake komawa baya. Ni da na raina shi, ni na roƙa. Ta aro injin daga makarantar allon, ta kai shi wurin masu gyara biyu, suka ce an riga an zuba wani abu a kai. Lorin Wada kuma an yanka shi bara. Ma'ahad ya mayar da ajinka wurin koyon buga takardu, wai ba a samu wanda zai ci gaba ba. Nema suka yi? 'Ya'yana suna dajin haƙar zinariya, babu wanda ya taɓa riƙe burushi. Hannuna yana rawa, ko kofin shayi sai da biyu.

Abu ɗaya ya rage. Ummuhani ta buga zanenta na ranar farko a takarda, ta ɓoye don haushi. Jiya ta kawo mini. Kyanwar mai shayi. Duk rayuwata da rabin taka, ita ce ta tsira. Na kafe ta a bangon gareji. Ba na ganinta, amma na san tana nan.

Ummusalama, mijinki ya tafi bai ci haƙƙin kowa ba, Allah ya ba ki juriya, ya raya abin da ya bari. Ɗalibansa, Allah ya ba ku wani malamin, ko da yake ni ban ga daga ina ba. Sharu, ina yi maka ta'aziyya, kai ma ka yi rashi. Ban ce na huce ba, ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Allah ya karɓi niyyarka.

Ya Allah, ka ji ƙan Kamal ɗan Rufa'i. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi kamar yadda ya haskaka wa tsohon da idonsa ya mutu. Idan kuma akwai tambaya a kan zakin nan da ɗawisun nan, Ya Ubangiji, ba shi ya zana su ba. Shi dai ya tsince su ne a cikin tsatsa. Ni na zana su, ni Mato. A bar yaron ya kwanta, a jira ni, ban yi nisa ba.