Ɗigon da alli ya fito da shi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka gyara mana famfon sola ba. Shekarar nan daji ya yi zafi da 'yan bindiga, ba mai zuwa rafi da kwanciyar rai. Famfon rijiyar burtsatse shi kaɗai ya tsare matan ƙauyenmu daga bakin daji, sai ga shi ya mutu bayan wata tsawa. Kwana tara 'ya'yanmu mata suna ɗaukar jarka zuwa rafi, mu tsofaffi muna zaune a ƙofar gida da carbi har su dawo.

Autana mai gyaran waya da rediyo ne. Ya buɗe akwatin famfon, ya ce wani ɗan abu baƙi ne ya ƙone, aisi suke ce masa. Bai kai ƙwayar wake ba, ƙafafunsa takwas, huɗu nan huɗu can, sirara kamar gashi. Aka aika Kaduna, direba ya biyo rakiyar sojoji ya kawo guda ɗaya tak, shi ma daga jikin tsohuwar na'ura aka ciro shi.

Da hantsi na kai masa kunu ƙarƙashin tankin rijiyar, na tarar maza sun kewaye shi, shi kuma ya haɗa gumi yana juya abin a kan farar takarda. Na tambayi abin da ya hana shi liƙawa. Ƙanin mijina, wanda ba ya gajiya da tsokanata, ya ce tsohuwa ki ajiye kunu ki koma, nan ba wurin tankaɗe ba ne. Na ce masa ai kai ma tun safe kake tsaye, ban ga ruwan da gemunka ya kawo ba. Aka yi dariya, amma autana bai yi ba.

Ya ce, "Inna, akwai ɗan rami a kusurwa ɗaya, shi ke nuna ƙafar farko. Dole ya fuskanci wannan farin ɗigon na jikin allon da ke cikin akwatin. Idan na juya shi baibai, wuta na shiga zai ƙone, kuma babu wani."

Fuskar abin duk ta goge, madubin ƙara girmansa kuma ya tsage tun bara. Ya haska da fitilar waya, ya karkata shi a rana, baƙi dai a kan baƙi. Wasu suka ce ya yi bismillah ya liƙa kawai.

Ni kuwa tun ina yarinya sassaƙar ƙwarya nake yi. Zanen da aka yi da bakin wuƙa ba ya fitowa sai an goga masa alli an share, farin ya zauna a cikin ramin. Na kwance bakin zanena, na gutsuro alli, na murje shi a tafin hannu. Autana ya turo mini takardar. Na shafa da ɗan yatsa, na share a hankali.

Sai ga ɗigo biyu. Ɗaya faffaɗa ne, farinsa dishi-dishi, ɗaya ƙarami kamar tsinin allura. Na sake sharewa, faffaɗan ya tafi, ƙaramin ya tsaya fari tas. Na ce wannan da niyya aka haƙa shi, wancan tabo ne kawai. Autana ya duba ya ce haka ne, faffaɗan sawun injin da ya ƙera abin ne.

Ya hure allin, ya goge da fetur, ya ɗora, ya bi ƙafafun da dalma ɗaya bayan ɗaya. Da ya kunna, shiru ya ɗan yi tsawo, sannan muka ji bututu ya yi tari, ruwa ya fara duka cikin tanki. Mata suka rangaɗa guɗa tun daga cikin gidaje. Ƙanin mijina ya cire hula ya ce daga yau sai a kira ni injiniya, na ce ya fara ɗebo mini bokiti biyu tukun. Ya ɗebo kuwa. Washegari babu 'yar da ta nufi rafi.

Abin da na koya shi ne, idan ka ga masu sani sun tsaya cak, kada ka ji kunyar tambayar me suke nema. Ban san aikin abin nan ba har yau, amma da na ji rami ake nema, to wannan na san shi shekara hamsin.