Ƙauyen da Fom Bai Sani Ba

Shekarar da na yi aiki da wata ƙungiyar tallafa wa manoma a Mubi, ni ce mai kula da shafinsu na yanar gizo, kuma gaskiya ina ji da kaina. Kafin zuwana, fom ɗin rajistarsu doguwar takarda ce da aka kwafe aka zuba a shafin yadda take. Mai noman gyaɗa sai ya amsa tambayar shinkafa, wanda ko kaza ba shi da ita a tambaye shi shanunsa nawa. Ni na zauna na mayar da shi fom mai gina kansa. Ka zaɓi masara, tambayoyin masara su fito. Ka zaɓi mazaɓarka, manhajar ta shiga jerin da ke ajiye ta ɗauko maka ƙauyukan mazaɓar kaɗai. Ranar da na nuna wa manya har tafi aka yi mini, ni kuma na sunkuyar da kai kamar ba na so.

Da farko na bar wani akwati a ƙasan jerin, inda wanda bai ga ƙauyensa ba zai rubuta da kansa. Mutanenmu kuwa suka yi abin da suka saba. Wannan ya rubuta "bayan coci", wancan "kusa da mayo", wato kogi, ƙauye ɗaya kowa da yadda yake rubuta shi. Raina ya ɓaci, na cire akwatin. Iyayi bai bar ni na tsaya nan ba, sai da na rubuta wa babban ofishinmu na Yola cewa a kulle jerin, kada wanda ya ƙara ko ya rage sai da izininsu, har da ni. Suka yaba da hankalina, suka kulle. Jerin kuwa daga wata tsohuwar takardar hukuma na kwafo shi, ko karantawa ban yi ba.

Ana saura kwana biyu a rufe rajistar iri da taki, sai ga kawuna, yayan mahaifiyata, ya sauka a kan acaba daga Muchalla, sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Bara tsutsa ta cinye masa gona, ba shi da abin shukawa, ga hadari ya fara haɗuwa. Kafin ya taho ya gama shaida wa duk ƙauye cewa 'yarsa ce ke riƙe da kwamfutar.

Na ba shi kujera, na zaɓi mazaɓar Muchalla, ƙauyuka suka jeru. Na duba sama, na duba ƙasa. Namu babu shi. 'Yan gidaje ne a kan dutse, takardar hukumar ta haɗa mu da babban ƙauyen da ke ƙasa. Tun zamanin kakanni ake jayayya da mutanen ƙasa a kan fadamar bakin mayo. Jauronsu, wato mai garinsu, cewa yake mu baƙinsa ne, fadama tasa ce. Duk zaman sulhun da za a yi, kawu ne ke miƙewa ya ce ba mu taɓa zama ƙarƙashin kowa ba.

Na ce, "Kawu, sunan ƙauyenmu bai fito ba."

"To rubuta shi mana."

"Babu wurin rubutawa."

"Wa ya hana?"

Na ce, "Haka na'urar take." Ƙarya na yi, kuma na ji kunya, amma ban gyara ba. Na ƙara da cewa, "Sai dai in sa ka a na ƙasa. Suna ne kawai, buhun iri ɗaya za a ba ka."

Ya ce, "'Yata, in na ci masarar da aka ba ni da sunansu, gobe da wane baki zan yi maganar fadama? Bar shi kawai." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Na buga waya Yola ina huci. Wanda ya ɗauka ya saurare ni tsaf, ya ce a rubuto buƙata, ana duba irinsu a ƙarshen wata. Na ce wane irin tsari ne wannan? Ya ce, "Ai ke kika tsara shi, madam." Na kashe wayar, na rubuta buƙatar na aika.

Da rana na sake buɗe fom ɗin, na cike wa kawu komai, na zaɓi ƙauyen ƙasa, na danna. Na ce a raina layi ɗaya ne cikin kwamfuta, wa zai gani? Tsoho ba zai kwana da yunwa saboda taurin kai ba. Na aika wa mahaifiyata ta faɗa masa an gyara.

Abin da na manta shi ne, manhajar da ke gina fom ita ke fitar da takardar rabo, ƙauye ƙauye, a miƙa wa kowane jauro tasa ya kira mutanensa. Wannan ma dabarata ce, an yi mini tafi a kanta.

Ranar rabo muka taru a filin firamare, ni ce ma na miƙa takardun da hannuna. Jauron ƙasa ya fara kira, mutane suna tashi suna ɗaukar buhu. Da ya zo kan sunan kawu sai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya kira shi da ƙarfi, da sunan mahaifinsa duka. Kawu yana zaune a benci, hannayensa a kan sanda. Jauro ya sake kira, ya ce, "Taso mana, ai kai namu ne, ga shi a rubuce." Kawu bai motsa ba. Sau ɗaya ya waiwayo ya kalle ni, na ji kamar in nutse a ƙasa. Har aka watse buhunsa yana nan a jingine.

Daminar nan ɗan abin da maƙwabta suka tsakura masa ya shuka. Izinin Yola ya iso a ƙarshen wata kamar yadda aka tsara, na ƙara ƙauyenmu, ya fito a jeri gwanin sha'awa.

Bayan girbi aka sake zama a kan fadama. Ban je ba, mahaifiyata ce ta ba ni labari. Kawu ya miƙe zai yi magana yadda ya saba, jauro ya ciro takardar rabon daga aljihu, da hatimin ƙungiya a kanta, ya zagaya da ita yana nuna wa dattawa sunan. Ta ce kawu ya ɗan jima a tsaye, sannan ya koma ya zauna.