Sallama da Adda a Rumde

Ranar da zan koma Legas da haushi na tashi. Ba haushin gajiya ba ne, ko da yake bayana kamar an daka shi a turmi saboda ramukan hanyar Fufore. Haushin mahaifiyata nake ji.

Adda nake ce mata, kamar wata yayata. Ni ce 'yarta ta fari, kuma a gidansu na Fulanin Ribadu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba a cikin Yola, ita ta riƙe ni har na yi aure. Adda tana gidan mahaifina a Rumde, ta haifi ƙannena, tana musu wasa, tana musu faɗa, tana ƙwala musu kira da sunayensu har maƙwabta su ji. Ni kuwa a bakinta "wannan" ce. Da aure ya kai ni Kudu sai na koma "mutumin Legas", don Hausarta irin ta Jimeta ce, ba ruwanta da raba mace da namiji. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Haka na buɗe ido na ga ana yi.

Ƙanena da ke zaune a Bekaji shi ya kira ni ya ce likita ya gama magana a kan ƙodarta, ya ce a mayar da ita gida a yi ta addu'a. Ba wanda ya gaya mata. Amma tsofaffi ba sa jiran a gaya musu, ita da kanta ta ce tana so a zaga da ita dangi tun ƙafarta tana ɗaukarta. Ƙanena bai samu hutu a ofis ba, sai na hawo jirgi na zo, ya ba ni makullin motarsa. Mu uku muka tafi: ni a gaba ina tuƙi, Adda, da ƙanwarta da muke kira Yapendo, mace mai baki kamar rediyo.

Ƙarshen damina ne, Binuwai ya cika ya batse. Muka bi shi yamma har Numan, muka juyo muka bi shi gabas, Fufore, Ribadu, da wasu ƙauyuka da sai an ajiye mota an taka. Kogin yana ɓuya a bayan gonakin dawa, can kuma sai ya bayyana yana ƙyalli. Duk gidan da muka sauka, idan za mu tashi, Adda takan kama hannun mutum da hannayenta biyu, ta dube shi cikin ido, ta ce, "Mu yafi juna." Ta faɗa wa 'yan'uwanta. Ta faɗa wa wata tsohuwa da suka yi shekaru ba sa ga maciji a kan maganar wata saniya. A Numan ta faɗa wa wata Bacama, Kirista, da suka yi maƙwabtaka a Jimeta tun suna amare, suka rungume juna suna kuka kamar yara. Ni ina tsaye jikin mota da makulli a hannu kamar direban haya.

A mota kuwa bayan kujerata take zama, daidai inda ba zan gan ta ba sai na karya wuya. In tana da magana, Yapendo take yi wa. "A ce wa mutumin Legas ya rage gudu." "A tambayi mutumin Legas ko ya ci abinci." Ga ni ga ta, numfashinta yana taɓa ƙeyata.

Abin da nake so bai fi a ƙirga ba. Ta dube ni, ta faɗa min abin da ta faɗa wa kowa. Na san in na hau jirgin nan, da wuya in sake samunta da rai.

To, ranar ƙarshe, jirgina sai bayan la'asar. Da hantsi Adda ta aiko Yapendo ta ce ba a barin Jimeta hannu rabbana, a je bakin kogi a sayo min busasshen kifi. Na ce a bar shi, Legas ba a rasa kifi. Aka dawo min da amsa cewa kifin teku ba kifi ba ne. Kuma Adda ta ce da ita za a je, alhali daren jiya ko ruwa bai zauna mata a ciki ba.

Na tsayar da mota kusa da gada, inda jiragen kwale-kwale ke ɗaure. Hayaƙin masu banda yana tashi, masu ɗiban yashi suna ta kai da kawo. Yapendo ta fita ta gangara wajen mata masu kifi, tun daga nesa ta fara yi musu tsiya wai kifinsu ya rame kamar su. Ta bar mu mu biyu. A iya sanina, tunda aka haife ni ba mu taɓa zama ni da Adda a wuri ɗaya babu na uku ba.

Na yi ta jira. Ina jin ta tana jan carbi. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri, duk gidanmu an sani. Zuciya ta ɗebe ni, na juya gaba ɗaya a kan kujera na fuskance ta.

"Adda," na ce, "ni ba mutum ba ce? Kowa kin riƙe hannunsa. Har matar da ta ci miki mutunci a kan saniya kin yafe mata. Ni me na yi? Ki dube ni mana! Yau zan tafi fa, kuma kin san abin da na sani."

Wallahi kamar na watsa mata ruwan zafi. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen taga. Sannan ta ce, ba da ni ba, da gilashin motar, "Ruwa ya yi yawa bana."

Na juya na kifa kaina a kan sitiyari. Kuka nake yi na takaici, irin wanda ba ya fita da sauti.

Yapendo ta dawo da kwali a ka. Ta leƙa ta dube ni, ta dubi yayarta, bakin nan nata ya mutu. Muka koma Rumde. Adda ta shige ɗakinta ta saki labule.

A tsakar gida, muna naɗe kifin a takarda don kada ya cika jirgi da ƙarni, Yapendo ta sauke min kwandon faɗa.

"Ke dai Legas ta cinye ki. Uwarki za ki tsare da ido kamar 'yar sanda? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Haba Yapendo! Kunyar me? Wa ke kallonmu a cikin mota?"

"Sai an kalle ta? Da haka aka raine ta, da haka uwarmu ta yi wa babban wanmu har ta koma ga Allah. Kina so a ƙarshen kwananta ta zama wata daban don ki ji daɗi?"

"Eh, haka nake so," na ce. Kuma gaskiyata na faɗa.

Ta girgiza kai, ta ci gaba da ɗaure kwalin da igiya. Can ta ce, a hankali, "Waɗanda kika ga ta iya duban idonsu, ba ita ta haife su ba."

Duk da haka ban huce ba.

Bayan azahar ƙanena ya iso a keke don ya karɓi motarsa ya kai ni filin jirgi. Aka fitar da kaya. Matan gida da maƙwabta suka taru a ƙofa, wannan ta ce a gaida yara, waccan ta ce Allah ya kiyaye hanya. Adda ba ta fito ba, kuma ba wanda ya yi mamaki, don uwa ba ta raka ɗan fari. Har na sa ƙafa ɗaya a mota. Sai na ji ba zan iya ba, na ce a jira ni, na koma ciki. Yapendo ta biyo ni.

Labulen ɗakin yana sake. Ban ɗaga ba, na riga na yi mata isasshen tsirara a ranar. Na durƙusa a bakin ƙofa, gwiwoyina a kan siminti mai zafi.

"Adda, zan tafi. Ki yafe min."

Ina jin motsinta kusa, ashe tana zaune a ƙasa daf da ƙofar. A waje ƙanena ya danna hon.

Sai gefen labulen ya motsa, hannunta ya fito. Ya rame, duk jijiyoyi. Ya laluba ya samu kafaɗata, ya hau kaina, ɗankwalina ya zame. Yatsunta suka bi kitsona layi-layi, suka sauko goshina, suka shafa kunnena da kumatuna da suka jiƙe. Tunda na yi wayo hannun nan bai taɓa jikina ba. Na ƙame, ko numfashin kirki ban yi ba, don kada ta janye.

Daga bayan labule ta yi magana da Fulatanci, da Yapendo.

"Gaya mata ta tashi. Jirgi ba ya jiran mutum."

Amma hannun bai ɗaga ba. Ya ma ƙara danna kaina.

Hon ya sake tashi. Adda ta ce, "Gaya mata ba ta taɓa yi min komai ba." Ta yi gyaran murya. "Gaya mata ita ma ta yafe."

Yapendo ba ta gaya min komai ba, tana jingine da bango ta toshe baki da mayafi. Ni na amsa da kaina. Na ce na yafe, Adda, na yafe duniya da lahira. Na kama hannun da nawa biyu na riƙe, ta bar min shi har sai da ƙanena ya shigo da kansa ya ce wallahi za a rufe ƙofar jirgi.

Ban ga fuskarta ba a ranar. Ba a yi wata biyu ba aka kira ni da asuba, kuma kafin jirgina ya sauka a Yola an riga an kai ta makwancinta.