Tunkiyar da Ta Karɓi Aikin Harshena

Da harshe na fara fatauci, ba da jari ba. Gishirin da ke haurowa daga bakin teku a Salaga muke tare shi, masu sayarwa kuwa ba sa rasa zuba masa farin yashi. Don haka kowane buhu sai na lasa kafin na taya. In na gama sayayya in kora jakuna Bawku, in sayar, in dawo gida Yendi.

Wajen shekarun da motoci suka fara bin hanyar, ƙafafuna suka soma kumbura. Kafin na isa Bawku sun zama kamar doyar Gonja, fitsari kuma ɗan kaɗan. In na kwana uku a gida sai su saɓe. Matata ta ce, "Maigida, in ka sake dawo mini da doyar nan, ka gama tafiya. Rumfa za ka kafa a ƙofar gida."

Ni kuwa zaman rumfa da zaman kurkuku duk ɗaya ne.

Na je wurin malamin asibiti a Bawku, wani Bagonje mai barkwanci. Ya ji labarina, sai ya ja ni har rumfar mahauta, ya ɗauki ƙodar rago, ya nuna mini wasu siraran fararen zare a gindinta.

"Ka ga waɗannan? Jijiyoyi ne, linzamin ƙoda ke nan. Ranka na ɓaci sai su ja, hanyar jini ta tsuke, ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa. Kai kuma ga lasa, ga masifa da dillalai. Bar ɗaya."

"Malam, masifar nan da ita nake cin abinci."

"To, bar lasa."

Ranar na sayi tsohuwar tunkiya mai tsirfa, don ta riƙa lasa a madadina. Gishiri mai kyau sai an janye ta da igiya. Mai yashi kuwa lasa ɗaya za ta yi, ta yi atishawa, ta juya masa baya. 'Yan kasuwar Salaga suka yi ta dariya: "Ga mai gishiri da amaryarsa!" Dariyar ba ta daɗe ba. Wani dillali ya ce, "Don Allah fitar da ita mu yi ciniki. Kai ana iya lallashinka."

Da na koma Yendi, matata ta sa na ɗage wando, ta dudduba ƙafafuna, ba kumburi, ta dube ni, ta dubi tunkiyar.

"Jeka abinka," in ji ta. "Amma ita ma a riƙa duba mata ƙafa."