Ranar Miƙa Aiki Ta Faɗo a Yankan Riɗi

Saura kwana huɗu mu miƙa wa wani asibiti manhajar da muka yi wata biyar muna rubutawa, sai Usman ya ɓace. Shi ne gwani cikin mutum shida da nake shugabanta daga nan Riyad, su suna can ƙasarmu, a Wad Madani.

Na kira wayarsa raina a ɓace. Mahaifinsa ne ya ɗauka, suna gona a Abu Hujar.

"Baba, mudir ɗin Usman ne, shugabansa a wurin aiki. Aikinmu yana da wa'adi."

"Kai ɗan ina ne?"

Na ce ai ƙauyenmu ma yana nan kusa da su.

"To ya zol, bawan Allah, riɗi ya nuna. In mun ƙara kwana ukku ya fashe, noman shekara ya zube ƙasa. Naka aikin in ya kwana, zubewa shikai?"

"A'a Baba, ba ya zubewa."

"Halas, shi ke nan. Kai za ka jira."

Sai na kama dariya ni kaɗai a ofis. Shekara goma sha ɗaya zaman ƙasar mutane yana cina, har na manta watan da ubana yake hana mu zuwa makaranta saboda yanka. Kuma Usman ya faɗa mini tun damina cewa zai tafi yankan riɗi, ni ne na watsar.

Na roƙi masu asibitin mako guda. Na sha faɗa har na ƙoshi, amma sun ba ni. Usman ya dawo hannu duk kanta, ya gama nasa a kwana uku.

Yanzu kafin in yanke wa'adi, sai na tambayi kowa me aka shuka a gidansu. Ku fa, me ya taɓa rushe muku jadawali?